Ciyawar Ntate Fusi Mai Ɗumama Kanta

Wata bakwai kacal Ntate Fusi ya yi a wata gonar Turawa a ƙetaren kogi, amma shekara tara ke nan kunnuwanmu ba su huta ba. Ko tari ka yi a gabansa sai ya gaya maka yadda ake yin tari a can gonar. Wani da suka yi aiki tare ya tsegunta mana cewa aikinsa buɗe ƙofa ne in mota ta zo, sai wanke karnukan maigidan ranar Asabar. A bakin Fusi kuwa, ba a taɓa yanka ciyawa a faɗin gonar nan ba sai an nemi shawararsa.

Ni Tlali, katangar dutse ɗaya ce ta raba gidana da nasa. A wajenmu Ntate ake kiran magidanci, Mme kuma matar aure. Abin da zan faɗa da idona na gan shi, wani ma takarkarina ne ya aikata, kuma ba zan ce na yi nadama ba.

Shanu huɗu ne a garken Fusi, kuma ko jela ɗaya ba tasa ba ce. Na mafisa ne, wato kiwon amana, wan matarsa Ntate Mohapi ne ya ba shi riƙo: shanun huɗa biyu, da jar saniya da ake tatsa, da karsana. Madara ta gidan Fusi, huɗa tasu, kashin da matarsa Mme Matieho ke busarwa ta yi girki ma nasu, amma shanun na mai su ne. Kowace shekara a tsakiyar sanyi, wanda a ƙasarmu daga Yuni zuwa Agusta yake, Mohapi yakan sauko daga cikin duwatsu ya duba. Mutum ne da ba ya ɓata bakinsa. Yatsa yake ɗorawa a haƙarƙarin saniya, in yatsan ya faɗa rami, sai ya kora abinsa ya tafi. Ya taɓa yi wa ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya haka, balle mijin ƙanwa. Kuma da shanun nan gidan Fusi ke ci, shi da matarsa da yara biyar.

A shekarar da nake magana, mun gama cire masara a farkon Yuni, kowa ya duƙufa yana yankan kara yana jidowa gida. Haka muka taso muka tarar. Ka ɗaura dami, ka kawo gefen garke, ka ɗora a kan rumfa ko kan rufin ɗaki tare da busasshiyar ciyawar da ka yanka tun Afrilu, ka riƙa tsakura wa dabbobi har sabuwar ciyawa ta fito a ƙarshen Satumba. Duk gari yana ta jigila, Fusi na tsaye a bakin hanya, ya yafa bargonsa kamar wani mai gari, yana kallonmu yana girgiza kai.

Da na zo wucewa da amalanke ya tare ni. Ya ce tausayinmu yake ji. Ya ce saniya ƙafa huɗu gare ta, mu biyu gare mu, amma mu ne ke kai mata abinci har ɗaki kamar amarya. Shi a tsakiyar gonarsa zai tara nasa, tsibi guda, irin wanda ba a taɓa gani ba a ƙasar nan. Har ya fito da wata igiya daga cikin bargo, mai ƙulli goma sha shida. Zai rataya ta daga ƙoƙuwar tsibin zuwa ƙasa, kowane mako shanu su ci daga ƙulli zuwa ƙulli. Ya ce wannan shi ake kira tsari.

Na ce, “Ntate Fusi, ranar da mai gari ya saki gonaki fa?”

Ya ce, “Ntate Tlali, kai da dabba wa ya fi wani wayo?”

Na ce ni dai ban taɓa gwadawa ba, amma ga dama ta samu.

Ai kowa ya sani, da an gama girbi mai garinmu Morena Sekake zai yi shela, daga ranar gona ba ta kowa ba ce. Duk abin da ya rage a cikinta na bakin da ya fara kaiwa ne, saniyar wane ko jakin wane, ba shari'a. Fusi ya san haka sarai. Dabararsa ita ce ya kafa rumfa mai ƙafa shida ya ɗora tsibin a kai, yadda baki ba zai kai ba. Ya jawo jar saniyar ya gwada tsawon wuyanta, ya ƙara taƙi ɗaya, ya ce shi ke nan. Ita kuwa jar saniyar nan, duk garin ba guntuwa kamarta, in ta tsaya a bayan tunkiya sai ka leƙa.

Mme Matieho ta yi magana har muryarta ta dushe. Ta ce ko rabi ne a kawo gida. Ya ce mata ita da ba ta taɓa ƙetare kogi ba, ta bar wa waɗanda suka ga duniya. Ta shiga ɗaki, muka ji tukunya ta sha murfi da ƙarfi.

Gaskiya tsibin ya yi kyau. Kwana biyar yana ɗorawa, kara a ƙasa, ciyawa a sama, ya kai tsawon mutum uku. Ranar Lahadi bayan coci sai da ya jawo mutane suka je kallo. Ya tsaya yana nuna ƙulle-ƙullen da sanda, yana cewa nan ƙarshen Yuni, nan tsakiyar Yuli, nan ranar da Mohapi zai zo ya ji kunya.

Ranar Talata aka saki gonaki.

Dabbobin gari sun kwana biyu suna leƙen tsibin nan daga kan tudu, don haka da aka buɗe garake ba wadda ta tsaya tsintar ganye a hanya. Takarkarina Lanman ne a gaba. Lanman kuwa dogo ne na ban haushi, a kan katanga yake satar kabewar maƙwabta ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Ya isa, ya miƙa wuya ba wahala, ya fizgo dami ya yar, ya fizgo wani ya yar, kamar an ɗauke shi aikin rabo. Shanu suka yi caa a ƙasa. Dawakai suka zagaya ta baya. Tsanin da Fusi ya bari a jingine kuwa, awakin Nkhono Mapulane, tsohuwar da ke bakin rafi, suka bi shi ɗaya bayan ɗaya har ƙoƙuwa, suka tsaya can sama suna ci suna kallon gari.

Fusi ya zo da gudu, takalmin roba na faɗuwa, yana ihu yana jifa. Ya kori na gabas, na yamma suka shigo. Kafin azahar ƙulli huɗu na reto a iska ba ciyawa a bayansu.

Ya wuce kai tsaye wurin mai gari ya kai ƙarar Lanman. Morena Sekake ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tambaye shi a ina tsibin yake. Ya ce a gona. Ya tambaye shi yaushe aka ci. Ya ce yau. Mai gari ya ce to shi bai ga mai laifi ba, sai dai in Fusi na so a gode wa Lanman a madadin sauran dabbobi. Dattawa suka sunkuyar da kai cikin barguna, kafaɗu na rawa.

Da yamma na leƙa ta kan katanga na same shi zaune yana kwance igiyar yana sake ƙullawa, ƙulli kusa da ƙulli. Na tambaye shi me ake ciki. Ya ce lissafi yake gyarawa, har yanzu mako goma sha shida ne cif, makon ne dai ya ɗan rage tsawo.

Washegari ya ce gadi zai yi da kansa. Tun da hantsi ya hau ƙoƙuwar tsibin da bulala, ya zauna ya harɗe, duk dabbar da ta matso ya tsula mata daga sama. Abin ya yi aiki har wajen awa ɗaya. Sai Lanman ya zo, bai ko kalli ciyawar ba, ƙaiƙayi ne ya dame shi. Ya goga kafaɗa a jikin tsani, tsani ya kwanta. Ya koma ya goga gindi a ƙafar rumfa har sai da ta yi ƙara, sannan ya yi tafiyarsa.

Iskar da ke saukowa daga duwatsu a watan Yuni ba ta san mutunci ba. Fusi na can sama ba abin da ya kare shi, hanci na zuba. Mata suka zo wucewa za su ɗebo ruwa, suka ajiye bokitai suka tsaya. Nkhono Mapulane ta sa hannu a goshi ta ɗaga kai, ta ce, “Ɗana, tunda kana sama, duba mana ko ka hango ciyawar baɗi.”

Ya ce yana nazarin iska ne, kada a dame shi.

Aka kira Mme Matieho. Ta zo ta tsaya a kan tsanin da ke kwance, ta riƙe ƙugu.

“Baban Tieho, in ɗaga maka?”

“In kin ga dama.”

“Ka ce gobe za a kwashe a kai gida, in ɗaga.”

“Matieho, ba a yi wa mai ilimi sharaɗi a gaban mata.”

Ta ce to mai ilimi ya sauko da iliminsa, ta ɗauki bokitinta ta bi sauran.

Sai da rana ta karkata sanyi ya ci ƙarfinsa. Ya kama igiyar nan mai ƙulle-ƙulle zai sauko da ita. Igiyar a jikin sandar da aka kafa a tsakiyar tsibin take ɗaure. Ya sake mata nauyinsa, sandar ta karkato, tsibin ya biyo ta, ƙafar da Lanman ya sassauta ta ce ita ma ta gaji. Daga gida na ji rugugin. Da muka isa ba Fusi ba alamarsa, sai tulin ciyawa da shanun gari kewaye suna ci cikin natsuwa. Takalman robarsa muka hango suna motsi, muka kama muka ja. Yana fitowa, ciyawa a baki, abin da ya fara cewa shi ne dama ya yi niyyar sauke tsibin ƙasa, an dai riga shi ne.

A nan na ji tausayin yaran ya kama ni, ba shi ba. Na ce masa abin da ya rage zai iya kai shanun ƙarshen Agusta in an yi tsimi. Na ce in Mme Matieho ta dafa abin sha, gobe mu yi masa gayya, amalankena da na wasu mutum biyu, kafin azahar mun kai masa gida. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce ya gode, amma ba zai bari Mohapi ya zo ya tarar da ɗan tuli a gefen garke kamar na kowa ba. Akwai dabarar da bai fito da ita ba tukuna, wadda ko a can gonar ba kowa aka koya wa ba.

Yana da wani ɗan fili a fadama da ya shuka habore, hatsin nan na dabbobi da ke zama kore cikin sanyi. Shi ne abin da ke ceton shanu a watan Agusta in komai ya ƙare. Fusi ya sa lauje ya yanke shi tas, ɗanye shar, da raɓarsa. Ya jido ya cakuɗa da busasshiyar ciyawa da kara, ya sake tayar da tsibi a ƙasa, yana ɗorawa yana yayyafa ruwan gishiri bokiti bayan bokiti, yana hawa yana tattakewa kamar mai kwaɓin ƙasar gini. Sannan ya kawo wani tsohon tamfol na babbar mota ya lulluɓe, ya ɗaure, ya danne gefe da duwatsu. Dabbobi suka zo suka shinshina suka koma. Ya ce kun gani. Ya ce sati uku za a bar shi ya nuna, kafin nan ba mai taɓawa, har da shanunsa.

Sati ukun nan shanun Fusi gonakin da aka riga aka lashe suke bi suna tsintar ƙasa. Jar saniya ta fara ɗauke nono. Mme Matieho ta riƙa zagayawa gida gida tana roƙon dami ɗaya ɗaya a ɓoye, matata ta ba ta, ni ma na ba ta na yi kamar ban gani ba. Amma kowa da nasa bakunan, damin roƙo ba ya riƙe shanu huɗu. Ƙasusuwan ƙugunsu suka fito har kana iya rataya hula.

A sati na uku dusar ƙanƙara ta sauka. Muka wayi gari ko'ina fari fat, rufin ɗakuna, katangu, gonaki. Abu ɗaya ne baƙi a faɗin kwarin, tsibin Fusi. Ƙanƙarar da ta sauka a kansa ta narke, tururi na tashi daga tamfol kamar an sauke tukunya.

Zo ka ga Fusi. Gida gida ya bi yana kiran mutane. Ya ce ga abin da yake faɗa mana shekara tara, ciyawa mai ɗumama kanta. Ya ce shanun wasu za su ci sanyi su sha sanyi, nasa kuwa abinci mai zafi za su ci kamar 'yan makarantar kwana. Kuma ba zan ɓoye ba, ɗumin da daɗi. Tsofaffi suka mayar da wurin majalisa, su jingina baya da tamfol suna shan taba. Karnukan gari duk suka tare a can. Fusi ya tura dankali uku ta ƙarƙashi da safe, da yamma ya zaro su sun yi laushi, ya raba wa dattawa.

Nkhono Mapulane ce kaɗai ta ƙi jingina. Ta tura sandarta ciki ta zaro, ta taɓa bakin sandar ta janye hannu da sauri, ta shinshina. Ta ce wannan warin tuwon masarar da ya kama tukunya ne. Ta ce tana yarinya ta ga irin haka a gidan kawunta, kuma ba a ƙare da daɗi ba. Ta ce a bar shi a rufe, a yi nesa da shi, a jira ikon Allah. Fusi ya ce da girmamawa, Nkhono, a zamanin kawunki ko tamfol ba a ƙirƙiro ba.

Ranar Asabar Ntate Mohapi ya iso a kan ɗan dokinsa, bargo har hanci. Bai shiga ɗaki ba, garke ya nufa. Ya ɗora yatsa a haƙarƙarin jar saniya, yatsan ya nutse. Ya bi sauran ukun ɗaya bayan ɗaya. Mme Matieho na tsaye a bakin ƙofa da kwanon abinci a hannu, ta kasa miƙawa.

Fusi ya ce kada suruki ya damu da abin da ya gani, da gangan ne. A can gonar sai an bar ciki ya yi fili kafin a kawo babban abinci. Ya ce a kora shanun zuwa gona, yau za a buɗe, kuma ya riga ya gayyaci gari.

Gari kuwa ya zo, har mai gari da kujerarsa. Aka tsayar da shanun huɗu a gaba kamar masu karɓar kyauta. Fusi ya hau dutse ya yi jawabi. Ya yafe wa Lanman a bainar jama'a. Ya yafe wa waɗanda suka yi masa dariya, ya ce jahilci ba laifinsu ba ne. Ya ce baɗi duk mai son koyo ya zo, ba zai ɓoye wa kowa ba. Sannan ya kwance igiyoyi, ya kama gefen tamfol ya yaye.

Wari ya bugo mu, wani irin ɗaci mai shiga maƙogwaro. Saman ciyawar ya yi fari da fumfuna. Shanun suka ja da baya. Fusi ya ce wannan ɓawo ne kawai, daɗin na ciki. Ya ɗauki manjagara ya kafta a tsakiya, ya ja da iya ƙarfinsa, wani babban ɓangare ya zame ya faɗo.

Cikin baƙi ne ƙirin, kamar gawayi. Iskar duwatsu ta zo ta shiga ramin, sai muka ga baƙin ya yi ja a hankali, kamar an buɗe ido. Nkhono Mapulane ta riga ta kama hanya.

Wutar ta tashi gaba ɗaya, fuu. Karnuka suka watse. Mai gari ya bar kujerarsa a wurin, kuma ban taɓa sanin yana da gudu haka ba. Fusi ya cire bargonsa yana bugun wutar, kowane bugu yana ƙara mata iska, har bargon ya kama ya jefar. Ya koma yana dunƙula ƙanƙara yana jifan ta. Mu ma mun taya shi, don kunya, da bokitai da huluna, amma kowa ya san wasa muke. Ko rabin awa ba a yi ba, abincin sanyin shanu huɗu ya koma toka, sai hayaƙi da ke tafiya kwance a kan farin kwari.

Fusi ya juyo, ba gira ko ɗaya, fuska baƙa, rigar ciki a ƙone. Ya fara cewa toka ma taki ce, a can gonar da gangan ake… Sai Mohapi ya yi magana, karo na farko tun isowarsa.

“Zan tafi da su yau.”

Fusi ya sauke murya. Ban taɓa jin ta a ƙasa haka ba. Ya ce, “Ntate Mohapi, ka bar mana jar saniyar. Ita kaɗai. Saboda yara.”

Mohapi ya ce, “Me za ta ci?”

Duk muka zuba wa Fusi ido. Shekara tara ba a taɓa yi masa tambayar da ba shi da amsarta ba, har mun saba, muna jira. Ya buɗe baki. Ya kalli tokar, ya kalli fadamar da ya aske tas, ya kalli saniyar. Ya rufe bakin.

Mme Matieho ce ta tako ta cikin mutane. Ta kwance igiyar da ke ɗaure a ƙugunta, ta zarga a ƙahon jar saniyar da hannunta, ta shafa mata wuya, ta miƙa wa wanta. Hawaye na zuba amma muryarta ba ta yi rawa ba. Ta ce, “Yaya, tafi da ita ta rayu.” Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san me safiya za ta zama a gidan nan ba madara, ban kuma san da me za su yi huɗa ba in Oktoba ta zo.

Mohapi ya hau dokinsa, shanun suka bi shi a jere suka haura tudu. Mutane suka fara zamewa biyu biyu. Ni na rako Fusi har gida, na yafa masa gefen bargona. Da muka iso sai ya wuce garke. Yana rawar sanyi ya ɗauki sandunan ƙofa ya jera su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure da kyau, ya girgiza ya tabbatar ba abin da zai iya fita. Ƙaramar 'yarsa na tsaye da ƙwaryar tatsa a hannu tana kallonsa, ta tambaye shi wa ya rufe a ciki.